Bizar Wankan Jego

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, da wuya a ce bai ci na Mairo ba, ko da kuwa bai san fuskarta ba. Ita ba ta zuwa kasuwar. Tana gida a Kanyar Maje, ƙauyen da gonaki suka matse shi har mutum ya rasa inda zai ɗaure jakinsa, tana suyar gyaɗa tana matsar mai, masu sari su zo su kwasa. A nan aka haife ta, a nan aka yi mata aure, ƙofar gidan mijinta Malam Basiru tana kallon ta gidan ubanta. Kafin shekarar nan da za a ba da labarinta, tafiyarta mafi nisa ita ce Kano, ranar da ta raka ƙanwarta asibiti, ta kuma dawo tana cewa ita ba ta ga abin da ake rububi a birnin ba ban da warin kwata.

Amma ba ƙuli ne ya sa ake ji da ita a garin ba, wankan jego ne. Yarinyar da uwarta ta rasu, da wadda aka auro daga nesa, da wadda uwar tana nan amma tausayi ya yi mata yawa, duk Mairo ake aika wa. Da sassafe za ta ɗora rabin duro a murhu, ruwa ya tafasa yana tsalle, ta tsoma ganyen darbejiya ta shiga fyaɗa wa mai jego, yarinya tana ihu tana kiran uwarta, ita kuwa ko a jikinta. In an gama ta dama kunun kanwa, ta tsaya a kan mutum sai ta ga gindin kwano. Haka za a yi ta yi har arba'in. Matan da suka bi ta hannunta zaginta suke yi a makon farko, daga baya su dawo suna sa mata albarka. Ma'aikatan asibiti sun sha cewa a rage zafin ruwan nan, ta rage ɗan kaɗan don kada a ce ba ta jin magana.

'Ya'yanta shida ne a raye, ta farin ita ce Ramlat. To, a nan maganar take. Mairo irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun ranar da aka raɗa wa jaririyar suna, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ba ta yi mata wasa a gaban mutane ba, ba ta taɓa yabonta ba, da aka yaye ta kuma kakarta ce ta ɗauke ta, ta girma a gidan da ke tsallaken hanya. In dole ta kama sai Mairo ta ce “yarinyar nan”, ko “waccan”. Akwai wata Ramlat ɗin a unguwar, 'yar mai shayi, ita ma ba ta tsira ba, “takwarar waccan” take ce mata. Baƙo zai ɗauka ƙiyayya ce. Mutanen gari sun san ba haka ba ne, don sun san wadda ta sayar da tunkiyarta a ɓoye lokacin da yarinyar za ta tafi makarantar kwana, ta kuma hana Malam ya faɗi inda kuɗin suka fito.

Ramlat ta yi karatun jinya, ta auri Kamaruddeen, ɗan cikin garin Ɗambatta, shi ma ma'aikacin asibiti. Ba a daɗe ba hanya ta buɗe masa ya tafi wata ƙasar Turawa, ita ma ta bi shi daga baya. Mairo ba ta taɓa wahalar da kanta wajen riƙe sunan ƙasar ba, “can” take cewa, kowa ya gane. Abin da ta sani shi ne a can yarinyar tana aiki a wani gida da ake tara tsofaffi, tana yi wa iyayen wasu wanka tana ba su abinci a baki, 'ya'yansu kuma su leƙo ranar hutu. Da aka faɗa mata wannan sai da ta tofar da yawu. Ta ce, “Su 'ya'yan nasu hannu ne ba su da shi?”

Ana tsakiyar bazara, ana sharar gonaki, labari ya zo cewa Ramlat tana da ciki, na fari, bayan dangin miji har sun fara ƙananan maganganu. Mairo ba ta ce komai ba, yadda ya kamata uwa ta yi, ta dai shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Kowa ya san cikin fari gida ake zuwa a haife shi. In ya tsufa a kawo yarinya gaban uwarta, ta haihu a nan, a yi mata wanka a nan, sai ta yi arba'in ta murmure a mayar wa miji. Wannan ne abu guda da kunya ta yarda uwa ta yi wa 'yar fari da hannunta a gaban kowa, ba mai cewa ta yi rashin ta-ido. Matar da ta wanke 'ya'yan rabin gari, shekara da shekaru tana jiran ranar da za ta wanke tata.

Sai Kamaruddeen ya kira Malam Basiru ya ce zuwa gida ba zai yiwu ba. Takardar zaman Ramlat tana hannun hukuma ana sabunta ta, in ta kuskura ta fita daga ƙasar yanzu, to ta zubar da duk shekarun da suka yi, a sake lissafi daga farko, watakila ma a hana ta komawa. Dabara ɗaya ce, Inna, wato ita Mairo, ta zo. Za su aiko da takardar gayyata, a yi mata fasfo a Kano, a nema mata biza a ofishin jakadancin ƙasar a Abuja. Malam ya kawo mata maganar yana sosa ƙeya, yana jiran ta ce ita da jirgi har abada. Sai ta ce, “A can akwai itacen wuta?” Ya ce bai sani ba. Ta ce, “To a tambaya. Darbejiya kuwa in babu zan shanya tawa in tafi da ita.”

Tun daga ranar wayar Malam ta daina hutawa. Kamaruddeen ya saka shi a wani gurup na waya, na 'yan Kano da Jigawa mazauna can, wai don ya riƙa jin shawarwari. Malam ba ya karatun boko, saƙon murya yake kunnawa, ga kunnensa ya fara nauyi, don haka in ya dawo daga gona ya zauna a gindin rumbu ya ƙure ƙara, duk gidan sai an ji. Haka Mairo ta san mutanen nan ba tare da ta gan su ba, tana gaban kasko tana juya gyaɗa. Kai, ba ta taɓa jin maza masu surutu irinsu ba. Wannan ya ce an ƙara kuɗin biza, wancan ya ce ba ƙari ba ne gyara ne. Wani ya ce zaɓe ya matso, jam'iyyar da ke cewa a rufe ƙofa ita za ta ci, wani ya ce duk bakinsu ɗaya, in sun hau sai su manta. Su yi ta musu a kan ministan da bai san da zamansu a duniya ba, suna kiran sunansa gatsal kamar tare suka yi kiwon awaki. In ka ji su sai ka rantse su ke riƙe da ƙasar, alhali kowanne in ya ga ambulan ɗin wasiƙa mai tambarin hukuma a ƙofarsa sai cikinsa ya ɗuri ruwa.

Babbansu wani ne Alhaji Zubair, mutumin wajen Tofa, wanda ya fi kowa daɗewa har ya samu fasfon ƙasar. Saƙonsa ya fi na kowa tsawo. Ya ce shi gaskiya bai ga laifin masu son tsaurara doka ba, mutane sun yi yawa, kowa ya kwaso kakarsa da gwaggonsa, ga masu shigowa ta teku suna ɓata musu suna. Ya ce, “Mu da muka shigo ta ƙofa da sallama, mu muke kwana a ciki. Ni wallahi ƙuri'ata tasu ce. A tace, a bar na kirki.” Mairo ta dakata da juya gyaɗa ta ce, “Malam, shi wannan a can aka haife shi?” Malam ya ce ina, ubansa ma ya san shi, dillalin shanu ne. Ta ja tsaki ta ce, “Wato shi ya samu ya shige, sai ya jawo ƙyaure.”

Shi wannan Zubair ɗin aka ba aikin koya mata amsa tambayoyin ofishin, shi da Kamaruddeen, ta bidiyo. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata wa mutum rai. Surukin da in ya zo gidanta daga bakin zaure yake tsugunawa ya gaishe ta kansa a ƙasa, yau ga fuskarsa ta cika waya har tana hango ramukan hancinsa, yana tambayarta shekarunta nawa. Ta ja mayafi ta ba wayar gefe.

Zubair ya ce, “Inna, ki saurara da kyau. In sun ce me za ki je yi, kada ki kuskura ki ce wanka, kada ki ce reno. A wurinsu wannan aiki ne, kin je ƙwace wa 'yar ƙasa aiki ke nan. Ki ce yawon buɗe ido.”

“Buɗe ido?”

“Eh, kallon gari. Gadoji, gidajen tarihi, irin waɗannan.”

“Ni da furfurata in bar gyaɗa a gona in tafi kallon gada?”

“Haka suke so su ji, Inna.”

“Yarinya tana kwance da ɗanyen jiki, in ce gada na je gani. To su ba a haihuwa a garinsu ne?”

Suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Suka koya mata ranar haihuwar da aka ƙirƙira mata a fasfo, da sunan unguwar da za ta sauka, da abin da za ta ce in an tambaye ta ko za ta dawo. Abu ɗaya ne bai zo wa kowa a rai ba, don su biyun sun daɗe da barin gida, Malam kuma da yake zaune a gefe ya saba da abin har ya daina ganinsa.

Damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, suka hau mota zuwa Abuja ita da Malam. Shi aka bar shi a waje cikin 'yan rakiya. Ita aka karɓe mata jaka, wata mata mai kayan sarki ta shafa ta tun daga hammata har cinya, sannan layi, sannan wani layin, cikin sanyin na'ura mai shiga ƙashi. Mutane sun ci ado, kowa rungume da takardu, manyan mutane masu tumbi suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Abin ya ba ta ƙyama. Ita dai roƙo ta ga ana yi, sai dai an sa takalma masu tsada.

Da aka zo kanta ta tarar da wata Baturiya a bayan gilashi, yarinya ce ma, ba za ta girmi Ramlat ba, ga wani tafinta Bahaushe a tsaye a gefenta. Baturiyar ta yi magana idonta a kan kwamfuta. Tafinta ya ce, “Mama, wurin wa za ki?”

“Yarinyar wajena.”

“Ta ce yaya sunanta?”

Mairo ta ji gumi ya karyo mata duk da sanyin nan. Ta ce, “Ai yana nan a takardar.”

“Na sani, Mama. So take ta ji daga bakinki.”

“'Yar fari ce fa, ɗan nan.”

Tafintan ya gane, ta ga ya gane, don sai da ya runtse ido. Ya rage murya ya ce, “Ki daure ki faɗa, sau ɗaya ne.” Ta buɗe baki, Allah ya sani ta buɗe, amma harshe ya ƙi. A bayanta layi ne na maza baƙi, kowa ya kasa kunne. Baturiyar ta ɗago kai ta tambayi sunan mijin yarinyar. To shi ma ai suruki ne, mijin 'yar fari, ba a faɗa. Ta tambayi sunan mijin ita Mairon, ta ce, “Malam.” Tafinta ya yi ta bayani da Turanci yana haɗawa da hannu, Baturiyar ta ɗage kafaɗa ta turo fasfo da wata takarda ta ƙasan gilashi. A waje wani ɗan boko ya karanta musu: mai neman biza ba ta gamsar da ofis cewa ta san wadda ta gayyace ta ba.

Ba ta san ta ba! Har suka wuce Zariya maganar nan tana cin ranta. Ita da ta yi naƙudar yarinyar a ɗakin bayan rumbu har aka fara cire rai, ita da ta san tabon ƙunar da ke ƙarƙashin gwiwarta da kaskon da ya yi mata shi, yau wata wadda ko goyo ba ta taɓa yi ba ta rubuta a takarda cewa ba ta san ta ba.

Kafin su huce gajiyar hanya labari ya riga ya shiga gurup. Malam ya kunna, dariya ta cika tsakar gida. Wani yana kwaikwayon muryar tsohuwa, “Malam, sunansa Malam.” Zubair ya yi doguwar huɗuba, ya ce, “Wannan ita ce matsalarmu, al'adun da ba su da kai ba su da gindi. Ina laifin Bature a nan? Ni ma in ni ne a kujerar ba zan bayar ba. Irin wannan ne ke sa a raina mu.” Mutum ɗaya ne ya ce su ji tsoron Allah, uwar wani ce, ba wanda ya bi ta kansa. Malam ya yi ta lalubar inda ake rage ƙara, ya danna wani wurin daban, saƙon ya sake farawa daga farko. Mairo ta ji duka, sau biyu ma. Ba kunya ta ji ba, takaici ne, na yaran da aka goya da zane aka yi musu kunyar nan su ma, suka je suka zauna a ɗakin haya a garin mutane suna yi wa iyayensu dariya don Bature ya ɗage kafaɗa.

Kamaruddeen ya kira ya ba da haƙuri, ya ce za a sake nema, an samu wata ranar a ƙarshen damina. Ya ce, “Inna, suna ne kawai fa.” Ita kuwa Mairo ta riga ta yanke a ranta cewa ita da Abuja an gama.

Ramlat ce ta karya ta. Ta kira wata ranar Juma'a bayan an sauko, ba ta ta da maganar ofishin ba ko kaɗan, ta tambayi awaki, ta tambayi ko gyaɗar bana ta yi kyau. Muryarta a gajiye take. Ƙafafunta sun kumbura, ta ce, amma tana zuwa aiki, don in ta daina zuwa da wuri hutun haihuwar zai gajarce. Har za su yi sallama sai ta ce, “Inna, tsoro nake ji. Ba ni da kowa a nan.” Mairo ta ce, “Tsoron me? Kowa haka ya haihu.” Ta miƙa wa Malam wayar, ta koma gaban kasko, gyaɗar ranar kuwa ƙonewa ta yi.

Washegari da hantsi ta ɗauki kwando ta ce za ta tsinko rama. Ta shiga gonarsu ta bayan gari inda dawa ta fi mutum tsawo, ta kutsa har tsakiya, ta waiga gabas ta waiga yamma. A ƙauyen da gonaki suke manne da juna ba a rasa mai noma a kusa, don haka sai da ta jira mai fartanyar da take jiyowa ya yi nisa. Sannan ta gwada. Da farko iska ce kawai ta fito. Ta sake, rabin sunan ya fito ta haɗiye sauran. Da ya fito gaba ɗaya sai ta ji kamar ta kwance zane a tsakiyar kasuwa, ta tsuguna ta rufe fuska, ba kowa sai karan dawa. Haka ta riƙa zuwa, har matan gida suka fara tambayar ramar me ake ci haka.

A tsakanin nan aka yi zaɓe a can, jam'iyyar Zubair ta ci. Gurup ya kwana biyu yana tafasa, wasu suna murna wasu suna cewa an shiga uku, Mairo ba ta saurara ba. Ita sunan da ke bakinta take ta riritawa kada ya maƙale ranar da ake buƙatarsa.

Da suka koma Abuja ba Baturiyar nan ba ce, wani Bature ne mai sanƙo, tafinta ma wani ne daban. Tun kafin ta ƙarasa gaban gilashin ta lura da wata takarda a ajiye kusa da hannunsa, irin waccan ta farko, amma ba ta kawo komai a ranta ba. Tafinta ya ce, “Hajiya, wurin wa za ki?”

Ta dafe katakon tagar da hannu biyu ta ce, “Ramlat. Ramlat Basiru, 'yata.” Da ƙarfi ya fito, fiye da yadda ta yi niyya, har na bayanta suka ɗago. Sunan 'yar fari da sunan miji a numfashi ɗaya, a gaban maza.

“Me za ki je yi?”

“Yawon buɗe ido,” in ji Mairo. “Gada zan gani.”

Baturen bai ɗago ba. Ko sau ɗaya bai kalle ta ba, ba ta ma tabbata tafintan ya gama juya masa maganar ba. Ya sa yatsa biyu ya turo takardar nan da ke ajiye tun kafin ta buɗe baki, ya ɗora fasfo a kai, ya kira na gaba.

Bayanin a gurup ta ji shi, a gindin rumbu, daga bakin Zubair. Ya ce ai tun da sabuwar gwamnati ta hau aka daina bai wa iyaye masu zuwa lokacin haihuwa, wannan kowa ya sani, shi ma ya faɗa wa Kamaruddeen. Amma tunda an riga an kama layi gara a je, ko ba komai zai shiga kwamfutarsu cewa ta gyara amsarta, wata rana zai yi amfani. Ya ce, “Kuma in ka duba da idon basira dokar tana da ma'ana, asibitocinsu sun cika.” Wato sun sani. Sun sani suka bar ta tana shiga dawa kamar mahaukaciya, suka bar ta ta je ta tsaya a gaban ƙato ta zubar da abin da ta riƙe tun tana amarya, ta haɗa da ƙarya da furfurarta, don kwamfuta ta ji. Ta tashi ta zaga bayan ɗaki. Da ta dawo ta ce, “Malam, ban taɓa roƙonka komai ba. Muryar mutanen nan kada ta sake shigo mini gida.” Daga ranar a ƙofar masallaci yake jin saƙonninsa.

Ramlat ta haihu da kaka, ana tsaka da cirar gyaɗa. Mace ta samu, lafiya lau. Kwana ɗaya asibiti suka sallame ta, Kamaruddeen ya koma aiki tun kafin suna. Wata ranar da la'asar sakaliya, matan gida duk sun tafi gona tsinkar gyaɗa, Ramlat ta kira ta bidiyo. Malam ya kawo wa Mairo wayar ya fita. Ga yarinyar nan zaune a bakin gado cikin rigar sanyi, fuska ta faɗa, leɓe a bushe, jaririya a cinya. Mairo ta tambayi wankan. Ta ce tana yi, da ruwan famfo mai ɗumi, ita kaɗai, in jaririyar ta yi barci. Kunun kanwa fa? Ta ce akwai wani gari na leda da take damawa. Mairo ta shiga faɗa, ruwan ya tafasa, a daddanna mara da tawul, a daina shan abu mai sanyi, tana faɗa tana jin maganar banza take yi, don wanka ba da baki ake yin sa ba. Hannayenta suna kan cinyarta ba abin da za su yi.

Ramlat ta bari ta gama, sannan ta ce, “Inna, an ce kin faɗa.”

Mairo ta kawar da kai.

“A Abuja. Wai da ƙarfi, har mutanen da ke layi suka ji.” Ta yi ɗan murmushi, hawaye yana bin gefen hancinta. “Ni ban taɓa ji ba, Inna. Ban san yadda yake a bakinki ba. Ki faɗa mini mana, ba kowa a ɗakin nan, daga ni sai ita.”

A nan ma ba kowa, tsakar gida fayau, sai kaji. Mairo ta kalli fuskar da ke cikin wayar. Ta faɗa wa karan dawa, ta faɗa wa mai sanƙon da bai ko ɗago ba, wanda yanzu ko za a yanka shi ba zai tuna ba. Waɗannan ba kowa ba ne a wurinta, shi ya sa ya fitu. Wannan kuwa ita ce, idonta a cikin nata, tana jira. Ta buɗe baki. Sunan ya taso har maƙogwaro, ya zo da sanyin ofishin nan da katakon tagar da ƙaryar gada, ya tsaya a nan. Ta ji baƙin ciki irin wanda ba ta taɓa ji ba, na abin da mai shi ta roƙa ba ta samu ba, alhali an riga an zubar da shi a inda ba a so.

Ta ce, “Ja wa yarinyar nan hula, kanta a buɗe yake.”

Ramlat ta jira kaɗan. Sannan ta sunkuya ta ja hular, ta ce, “To, Inna.”